Yadda Ake Haɗa Gayya A Gina Aji A Ƙauye Ba Tare Da An Bar Kango Ba

Duk mai yawo a ƙauyukanmu ya san irin ginin da nake nufi, an kai shi linta an tsaya, ba rufi ba ƙofa, tumfafiya ta fito a tsakiyar ɗaki, awaki ke kwana a ciki, yaran da aka ce dominsu aka fara kuma suna nan ƙarƙashin bishiya dab da shi suna karatu a ƙasa. In ka tambaya sai a ce maka ai ƙungiyar matasa ce ta fara, ko 'yan asalin garin mazauna Kano da Kaduna da Abuja ne suka haɗa kuɗi a WhatsApp, daga baya abu ya mutu. Kuma wallahi ba rashin masu aiki ne ke kashe irin wannan aikin ba, mutanen karkara in aka kira gayya suna fitowa, da gayya suke noma da gayya suke yaɓen masallaci da gyaran maƙabarta tun kafin a haife mu. Abin da ke kashe shi biyu ne, an haƙa fandisho ba a san inda kuɗin rufi zai fito ba, sai kuma zargi ya shiga tsakani a kan kuɗi. Toh wannan rubutun naku ne masu niyya, 'yan ƙungiya da ɗalibai da 'yan bautar ƙasa da duk wanda Allah ya hore wa wani abu yake son ya waiwayi gida. Zan ɗauki ginin aji biyu na firamare ne a matsayin misali, amma mafi yawan abin da zan faɗa zai yi muku aiki ko ɗakin shan magani ne ko Islamiyya.

Kafin komai ku je ku zauna da mutanen garin, kuma ku je da kunne ba da takardar shirinku ba. Ku fara sallama wajen mai unguwa ko dagaci, shi zai haɗa ku da liman da hedimasta da shugaban matasa da 'yan kwamitin makaranta wato SBMC in akwai. Matan garin ma sai an ji ta bakinsu, in ba mace a cikinku ku nemi malamar Islamiyya ko ungozoma ko uwar adashi ta tara muku su ta jiyo, dan su ne suka san dalilin da ya sa 'ya'ya mata ba sa zuwa makaranta, wani lokacin ba aji ba ne, rashin banɗaki ne, ko nisan ruwa ne yake cinye musu safiya. Zai iya yiwuwa ku zo da zancen aji su ce muku su kwalbati ne damuwarsu saboda in damina ta zauna ko mai naƙuda ba ta iya fita asibiti. In suka faɗi haka ku saurara da gaske. Aikin da mutane ba su ji nasu ba ne za su yi muku godiya da baki dan kunya, amma ranar ɗibar ruwa ku kaɗai zaku tsinci kanku a wajen.

In an tsaya a kan aji, tambaya ta gaba ita ce wa zai koyar a ciki. Makarantun firamare na gwamnati suna ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya wato SUBEB ne a jiha, a ƙaramar hukuma kuma ofishin ilimi wato LEA ne, tun dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 haka tsarin yake tafiya. Ku ɗauki hedimasta da wakilin mai gari ku je wajen sakataren ilimi, ku gaya masa abin da kuke son yi, ku nemi amincewa a rubuce, ku tambaye shi kai tsaye ko za a turo malami. In ya ce babu, ba shikenan ba, amma sai gari ya zauna ya ga ko akwai mai NCE ɗan garin da ke zaune ba aiki da za a riƙa yi masa ɗan ihsani duk wata, kuma a san daga aljihun wa zai fito. A can ɗin dai ku roƙi zanen aji irin wanda hukuma ke amfani da shi, ku leƙa sashen ayyuka ku ga ko injiniya zai zo ya duba muku ƙasar wurin ko sau ɗaya ne. Ku tambaya kuma ko akwai wani tallafi na ayyukan taimakon kai da kai, dan UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, tana bi ta hannun SBMC da irin wannan, kuma shirin raya al'umma na CSDP na Bankin Duniya da ya fara wajen 2009 haka ya riƙa yi, gari ya kawo kashi 10 cikin 100 ko da kuɗi ko da yashi da ƙarfin jiki, a cika masa sauran. Amma kar ku ɗora lissafinku a kan alkawarin kowa, abin da ya shigo hannu shi ne naku.

Fili kuma dan Allah a rubuta. Ko da dattijo ya miƙe a masallaci ya ce ya bayar fisabilillahi kowa ya ji, a samu takarda ya sa hannu, manyan 'ya'yansa su sa, in gonar gado ce duk magada su sa har da mata, mai unguwa da dagaci da liman su zama shaidu, a auna tsawo da faɗi a rubuta, a kafa alama a kusurwa huɗu, a kai kwafi ƙaramar hukuma tunda a dokar filaye ta 1978 ita ke da hurumin filayen karkara. Mai kyauta yakan rasu, wanda bai ji da kunnensa ba ya taso bayan shekara goma ya ce gonar ubansa ce. Wajen zaɓen filin ku tambayi tsofaffi inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya a watan Agusta, dan da rani ko'ina busasshe ne, fadama ma sai ta yi maka kama da tudu.

Yanzu maganar kuɗi, nan ne nake so ku fi ba ni hankalinku. Kwamiti ya zama ƙarami, mutum biyar zuwa bakwai sun isa, kuma mafi yawansu mazauna garin, ku na birni ku zama 'yan kaɗan a ciki. Mai riƙe kuɗi daban, mai rubutawa daban, mai sayayya daban, mai riƙe makullin sito daban. Kar a ce ai wane mutumin kirki ne a haɗa masa duka, wannan cutar da shi ne, dan ranar da buhu ɗaya ya ɓata sunansa ne zai ɓaci ko bai ci ba. In ƙungiyarku na da rajista ku buɗe asusun banki da sunanta wanda sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu kuɗi ke fita. In ba ku kai nan ba dole aka yi amfani da asusun wani, toh ya zama asusun da ba ya amfani da shi dan harkar kansa, kuma duk alat ɗin da ya shigo a tura hotonsa a guruf a take. A sayi littafi mai bango mai kauri, shafin hagu abin da ya shigo na dama abin da ya fita, kowane rasit a manna shi a ciki, in mai tifa ba shi da rasit ya rubuta a takarda ya sa lambar wayarsa. Duk Juma'a bayan an sallame sakatare ya miƙe a ƙofar masallaci ya karanta da ƙarfi, an samu kaza daga wajen wane, an sayi siminti buhu kaza a kan kaza, saura kaza. Kuma a karanta har da waɗanda ba kuɗi suka bayar ba, wance ta ba da tiya biyu ta gero, wane ya ba da aron amalankensa kwana uku, wane ya ba da kaza. Zaku ga yadda fuskokin mutane ke sakewa in suka ji sunansu kusa da na Alhajin da ya turo dubu ɗari, kuma wanda bai bayar ba mako mai zuwa sai ya zo da kansa. Wanda ya ce a ɓoye sunansa sai a ce wani bawan Allah, amma adadin dole a faɗa.

Ɗan siyasa in ya kawo gudummawa ku karɓa ku gode, ya fi ma ya kawo kaya ba tsabar kuɗi ba, a karanta sunansa a jerin kowa. Amma kar a yarda a shafa wa ginin fentin jam'iyya ko a liƙa hoton wani, dan daga ranar rabin gari sun janye hannu.

Lokacin aiki shi ne bayan an kai amfanin gona gida, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ko farkon Maris. Lokacin akwai hatsi a rumbu, akwai ɗan kuɗi a hannun mutane, rijiyoyi ba su ja baya sosai ba, hanya kuma ta bushe tifa zata iya shiga. Ku yi sauri kafin samari su watse cin rani, ko a yi da su tun kaka cewa kowa zai ba da kwana kaza kafin ya tafi. Ku duba inda azumi ya faɗo a shekarar, ku kauce wa ranar kasuwar garin da ta maƙwabta. Abin da ake so shi ne kafin iskar farkon damina ta taso a Afrilu ko Mayu an riga an rufe an ɗaure.

Lissafi kuma daga sama ake faro shi ba daga ƙasa ba. Ku zaunar da birkila da kafinta tare, kowa ya rubuto abin da yake buƙata har ƙusa ta ƙarshe, sannan ku kai wa wani birkilan da ba shi da alaƙa da aikin ya duba. Dan ku samu abin kamawa, aji biyu kowanne mita 7 da mita 8, tsayin bango mita 3, bulo 10 ke cike murabba'in mita ɗaya, in aka haɗa da na cikin ƙasa da na jinka aka cire ƙofofi da tagogi zai tasam ma bulo 2,000 zuwa 2,200 mai inci 9. In ana fitar da bulo 35 a buhu kun ga wajen buhu 60 kenan na buga bulo kaɗai, ba a zo ga na ɗora gini da kankare da filasta da daɓe ba. Sai rodi, katako, kwano wanda bandir ɗaya falle 20 ne, ƙusa, langa-langa wato siririn ƙarfen ɗaure katakon rufi, ƙofofi, tagogi, silin, fenti, kuɗin masu sana'a, kuɗin dakon kaya, abincin 'yan gayya. Abin da ya tashi ku ƙara masa wani abu a kai saboda farashi ba ya tsayawa wuri ɗaya. In kuɗin da kuke hange ba zai kai aji biyu ba ku yi ɗaya ku gama shi, a bar haƙoran bulo a gefe dan a ɗora na biyun baɗi. Kuma shawarar da nake ba kowa, kuɗin farko da ya taru mai kauri ku sayi kwano da ƙusa da rodi ku ajiye a ɗakin mai gari, ba sa lalacewa, kuma su ne masu cin kuɗi a dunƙule. Bango ana iya tada shi da buhu biyu yau uku gobe, gari na iya wannan da kansa, rufi ne ba a yin sa da guntu-guntu. Siminti shi kuma kar a tara da yawa, a saya daidai na mako biyu ko uku, a ɗora a kan katako kar ya taɓa ƙasa ko bango, dan in ya sha sanyi ya dunƙule asara ce.

Kuma ba dole sai bulon siminti ba. In garin na da jar ƙasa mai kyau da magina na gargajiya, a yi fandisho da dutse ko bulo a tada shi kamar ƙafa biyu sama da ƙasa, a ɗora tubali a kai, a yi rufin kwano mai baki da faɗi yadda ruwa ba zai riƙa dukan bango ba. Ajin ƙasa ya fi sanyi da bazara nesa ba kusa ba, kuma kusan duk kayansa gayya na iya samarwa, sharaɗinsa kawai a riƙa yaɓe. Kar wani ya raina muku shi. Masallacin Yaama a jihar Tawa ta Nijar da ƙasa aka gina shi tun daga 1962, mutanen ƙauyen ne da hannunsu ƙarƙashin magininsu Falke Barmu, har ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. Abin da ba zan ba ku shawara ba shi ne a yi rumfar zana a ce na wucin gadi ne sannan a manta, dan a 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana a Yamai a watan Afrilu, ta sake tashi a Maraɗi a Nuwamba, ƙananan yara wajen 20 a ta farko, sama da haka a ta biyu, suka rasu. Allah ya jiƙansu.

In bulo zaku buga ku buga da kanku a wurin, ya fi sauƙi kuma kun san abin da ke ciki. Yashi sai an gwada, ku samu gorar ruwa ta roba ku zuba yashin zuwa rabi, ku cika da ruwa ku girgiza sosai ku ajiye zuwa gobe, yashi zai kwanta a ƙasa laka ta hau samansa, in lakar ta yi kauri kamar faɗin yatsa ko fiye toh ku nemi wani rafin, dan laka ba ta barin siminti ya kama. Ku tsaya a kan mai bugawa, bulo 30 zuwa 35 a buhu in mai inci 9 ne, kar a ja shi zuwa 50 ko 60 dan a ce an yi tattali, yara ne za su zauna a ƙarƙashinsa. Bayan an buga sai ban ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, kuma da hunturu nan ake yin sakaci, iska na busar da shi ya yi fari ka ɗauka ya yi, alhali ƙonewa ya yi, dan haka a lulluɓe shi da buhunan siminti da aka juye ko kara. A ba mutum biyu wannan aikin da suna, kar a ce kowa ya riƙa dubawa. In kuna son ku gane mai kyau ku ɗauki ɗaya ku karce shi da ƙusa, in yana zubowa kamar gari bai yi ba, ku ɗaga shi zuwa ƙugu ku sake shi a kan ƙasa, mai kyau zai faɗi ya tsaya ko ya ɗan ɓantare a gefe, marar kyau zai watse. Ruwan duk wannan aikin ku san inda zai fito tun kafin a fara, a tanadi durom-durom ko a gina ɗan kwarmi a shafe shi da siminti, kuma kar a je a ƙafar wa mata da rijiyar da suke sha.

Birkila da kafinta a biya su. Za su iya yin ragi dan Allah in sun ga dama, amma sana'arsu ce da ita suke ci da iyali, kuma wanda ka biya shi kake iya ce wa rushe wannan layin bai miƙe ba. A yi jinga mataki-mataki, daga fandisho zuwa dipisi wato daidai tsayin daɓe kaza, zuwa linta kaza, zuwa jinka kaza, ana gamawa ana biya. In akwai ɗan garin da ya iya shi ya fi, dan gobe in bango ya tsage yana nan.

Gayya ita kuma ga inda take da amfani, sharar fili, haƙan fandisho, ɗibar yashi da tsakuwa da ruwa, ciko, jigilar bulo, kwaɓi, miƙa kaya. Kar a kira duk gari kullum, mutane za su gaji kuma rabinsu tsayuwa kawai za su yi. A raba unguwa-unguwa, yau unguwar gabas gobe ta yamma, babbar gayya ta kowa da kowa a bar ta sai ranaku masu nauyi, ranar haƙa da ranar zuba kankare da ranar ciko. Mai shela ya zaga tun jajibiri, liman ya tuna bayan Isha'i, kowa ya zo da abin aikinsa, diga, shebur, kwanon sarki, baro, bokiti. A fara da an fito sallar Asuba a tashi kafin Azahar. Abin da ke sa ranar ta yi daɗi shi ne a ce kafin mutane su iso an riga an san wa zai yi me, an ja igiya, kayan aiki na wurin, ruwan sha na cikin randa a inuwa. Wajen hantsi sai ka hango 'yan mata sun jero da bokitan kunu a ka, an shimfiɗa tabarma a gindin bishiya dattawan da ba sa iya ɗaukar komai sun zauna suna sa albarka suna raba goro, samarin unguwa biyu sun shiga gasa kowa na son ramin ɓangarensa ya riga kaiwa, in garin masu son kiɗa ne mai ganga na bin su yana kiran sunan uban kowa. Abincin nan kar a raina shi, a sa shi a lissafi tun farko, gida-gida a tara hatsi matan unguwar da ke da aiki ranar su dafa. Yara kuma su taya da ɗan abin da ba shi da nauyi bayan an tashi makaranta, ban da hawa sama ban da shiga rami.

Wajen fitar da gini ku sa tsawonsa ya bi gabas da yamma, tagogi su kalli kudu da arewa, ta haka rana ba zata riƙa faɗowa kan yara safe da yamma ba. Kusurwa kuma a gwada ta da tef, a auna 3 a gefe ɗaya 4 a ɗayan, in tsakaninsu ya ba da 5 cif kusurwa ta tsaya. Ramin fandisho faɗinsa ya kai faɗin bulo sau uku, a haƙa har sai an taɓo ƙasa mai tauri, yawanci ƙafa biyu zuwa uku, in kuwa baƙar laka ce mai tsagewa da rani ku tsaya sai injiniya ya gani. Kankaren linta da ginshiƙai buhu ɗaya kwanon sarki 4 na yashi 8 na tsakuwa, kuma linta ta zagaye ginin gaba ɗaya ba kan ƙofa da taga kaɗai ba. Daɓen ya ɗara ƙasar waje sosai saboda kwararar ruwa.

Rufi shi ne inda na fi ganin an yi kuka. Na san wani ƙauye da suka gama ajinsu tas har an yi walima, hadarin farko na shekarar ya ɗauke rufin sukutum da katakonsa ya jefar a gonar bayan makaranta, da aka duba ashe katakon ɗora shi kawai aka yi a kan bango aka buga ƙusa. Dan haka tun ana zuba linta a binne kwata rodi ko langa-langa a cikin kankaren, tsakaninsu kamar mita ɗaya, a bar su su miƙo sama ta cikin bulo, in aka zo ɗora katako a lanƙwaso su a ɗaure shi tam. Katakon ya zama busasshe, a shafe shi da maganin gara ko baƙin mai kafin a hau da shi. A yi amfani da ƙusa mai hula, a buga a kan tudun kwano ba cikin kwarinsa ba, a ƙara yawanta a gefe-gefe da kusurwa dan nan iska ke fara kamawa. In wurin fili ne fetal mai iska a tada rawani wato a ɗaga bango ya ɗara rufi a rufe bakin kwanon. In kuɗi ya kai a sa silin, aji mai kwano tsirara a watan Afrilu ba mai iya karatu a ciki bayan sha ɗaya.

Ku kuma baƙi masu zuwa taimako, ku sauka a hannun mai gari, ku yi shiga irin wadda garin ya saba gani, ku ci abin da aka ba ku, kar ku zo ku zama nauyi, ku taho da hatsinku ko kuɗin cefane ku ba gidan da ya sauke ku cikin mutunci. Ku ɗauki kwanon sarki kamar kowa, Manzon Allah (SAW) da kansa ya ɗauki tubali wajen ginin masallacin Madina, dan haka ba wanda ya fi ƙarfin dako, amma abin da ba ku iya ba ku bar wa mai shi. Hoto ku ɗauki na aiki dan waɗanda suka ba da kuɗi su gani, amma a nemi izini, kar a je ana haska fuskar yaro mai yagaggiyar riga ko matan aure ana watsawa a Facebook dan a tara tausayi, mutanen nan suna da waya suna gani kuma yana yi musu ciwo. Ku zo da akwatin taimakon gaggawa, wanda ƙusa ta soka a kai shi a yi masa allurar tetanus ranar. A yankunan da ke fama da 'yan bindiga kamar sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato ku bi shawarar 'yan gari kan hanya da lokaci, ban da tafiyar dare, ban da yawo da tsabar kuɗi, kuma kar a sanar da ranar zuwa da adadin abin da aka tara a fili a intanet kafin a je, a bari sai an dawo.

Kar ku ce an gama sai an yi banɗaki, na mata daban na maza daban da ƙofa mai rufuwa, a nesanta shi da rijiya aƙalla mita 30 kuma ta gangare. Ramin da aka ɗebi ƙasa a cike shi ko a killace, dan da damina kududdufi yake zama kuma yara na faɗawa. A yi allo a jikin bango da siminti mai laushi, benci in bai samu duka ba a fara da tabarmi ana yi a hankali. A dasa darbejiya ta ɓangaren da iska ke tasowa, nesa da bango kamar taku goma saboda saiwa, a kewaye kowace da ƙaya a ba 'yan aji ban ruwanta.

Ranar miƙawa a karanta littafin kuɗi daga farko har ƙarshe a gaban kowa, a ba hedimasta da shugaban SBMC makulli da kwafin takardar fili da ta amincewar LEA, ragowar kwano da ƙusa da fenti a ƙirga a rubuta a bar su a sito. In kuɗi ya yi saura kar a raba kar a kashe a walima, a bar shi a asusun gyara, a kuma tsayar da abin da kowane gida zai riƙa bayarwa da kaka ko tiya ɗaya ce. A sa wa kafintan garin ranar da zai riƙa hawa duk shekara a watan Maris ya bi ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya ya duba ɗaurin langa-langa da inda gara ta fara, a biya shi daga wannan asusun.